Na karanta Maikurobayoloji, saura wata huɗu in gama bautar ƙasa: mastas, komawa aji, ko Kantin Kwari?

Ɗan Kurna:

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka riga mu taka wannan hanya.

Na karanta Maikurobayoloji, ilimin ƙananan ƙwayoyin halitta, na fita da 2:1. Ina cikin waɗanda yajin aikin ASUU na 2022 ya zaunar a gida wata takwas, shi ya sa shekarata 26 yanzu. Ina bautar ƙasa a wata sakandaren gwamnati a jihar Neja, ina koyar da Bayoloji, saura wata huɗu a sallame mu. Tun da aka mayar da alawus naira dubu 77 nake ɗan ture wani abu gefe duk wata, da yake a ƙauye nake, ɗaki kyauta, doya da arha. Abin da zan tara zai iya saya mini kwamfutar hannu, ko ya biya kuɗin rajistar mastas, amma ba zai ɗauki biyun ba.

A gida kowa da inda ya sa gaba. Hajiyarmu so take in wuce mastas kai tsaye, ta ce tun kai yana ja gara a ƙarasa, burinta ta ji ana kirana Dakta kafin ta bar duniya. Babban yayanmu yana da shagon atamfa a Kantin Kwari, yana shirin buɗe na biyu, ya ce in zo in riƙe masa. Maganarsa kullum ita ce masu digiri biyu suna zuwa wajensa neman aikin jiran shago. Ni kuwa tun ina yaro raina asibiti yake. Likitanci na cike a JAMB, aka ba ni Maikuro, aka ce mini ai duk ɗaya ne, ɗakin gwajin asibiti zan ƙare. Sai da na je sanin makamar aiki a aji uku na gane ba haka ba ne: wankin kwalabe da rubuta sunan marasa lafiya muka yi, sakamakon gwaji kuwa ba mu da hurumin sa masa hannu, ko da mun gama digirin.

To in na yi mastas a ɓangaren ƙwayoyin cutar ɗan Adam, zai ba ni damar aikin lab ɗin asibiti? In ba zai ba ni ba, ya dace mai shekara 26 ya koma aji biyu ya sake wani digirin? Akwai kuma maganar karatun waje da nake gani a Facebook kullum, ban san ta inda ake farawa ba. Ina da wadda nake nema, iyayenta sun fara tambayar me nake yi. Don Allah a faɗa mini gaskiya ko da ɗaci.

Ɗan Lab na Sakkwato:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tambayarka ta farko amsarta gajeriya ce: a'a. Ko digiri na uku ka yi a Maikuro ba zai ba ka lasisin gwajin jinin mara lafiya ba. Hukumar MLSCN, mai kula da aikin ɗakunan gwajin asibiti, ita ce ke ba da lasisin, dokarta ta 2003 ce, kuma wanda ya yi digirin kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, BMLS, shi take yi wa rajista. Wannan ita ce maganar da ya kamata a riƙa faɗa wa yara tun ranar da aka ba su Maikuro ko Bayokemistiri, ba a faɗa.

Ni na koma. Da digirina na Bayokemistiri na sayi fom ɗin DE na JAMB, wato na shiga jami'a kai tsaye ba daga aji ɗaya ba, na shiga aji biyu. Digirin shekara biyar ne, ka ga saura huɗu ke nan, sannan shekara guda ta horon aiki a asibiti wadda ake biyanka albashi. Bautar ƙasa ba a yin ta sau biyu, wannan ka huta. Na zauna aji ɗaya da yaran da na girme wa da shekara bakwai, suna ce mini Baba. Bai rage ni da komai ba, yau lasisina na hannuna, kuma aiki ne da ko a ƙauye ake nemansa.

Amma ka sani gurbin DE kaɗan ne ƙwarai, don hukumar ta ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Kuma kafin ka biya ko sisi ka tabbatar jami'ar tana cikin jerin waɗanda hukumar ta amince da su. Ni lokacin ba ni da mata, mahaifina ne ya riƙe ni. In kai ma akwai mai riƙe ka shekara huɗu, bismillah. In babu, ka yi tunani sosai.

Yayanku na Sharaɗa:

Ƙanena, na karanta rubutunka har ƙarshe, kuma na ga inda matsalar take. An sa maka a kai cewa ɗakin gwaji ɗaya ne a duniya, na asibiti. Ni ma Maikuro na yi, kuma a ɗakin gwaji nake cin abinci shekara da shekaru, a wani kamfanin lemo da ruwan roba a nan Sharaɗa. Babu mai tambayata lasisin MLSCN, don ba jinin mutum nake aunawa ba.

Bari in nuna maka aikin. Da safe kafin injina su tashi ina ɗebo ruwa daga wuri uku: bakin rijiyar burtsatse, bayan matata, da kuma cikin robar da aka riga aka rufe. Kayan aikina na dafa su a tukunyar otokilef mai kashe ƙwayoyin cuta da tururi, zafi digiri 121 na minti 15. Ina tace mililita 100 ta takardar tacewa, in ɗora a faranti, in sa a inkubeta, akwatin ɗumi da ƙwayoyi ke tsirowa a ciki, ya kwana. Washegari in buɗe. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta ce kada a samu ko da ƙwayar E. coli guda ɗaya, wadda ke nuna kashi ya gurɓata ruwa, a mililita 100. In na ga ɗigon da ban yarda da shi ba sai in mayar da shi farantin EMB na gane E. coli, in ya fito kore mai ƙyalli kamar bayan ƙudan bola, to ranar ba motar da za ta fita da kaya daga kamfanin. Manaja zai yi faɗa, direbobi su yi ta zagaye ofishina, amma sa hannuna ne ke buɗe ƙofa. Duk wannan an koya maka shi a aji uku. Abin da ba a koya maka ba shi ne rubuce komai a littafi yadda in jami'an NAFDAC ko SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, suka faɗo ba sanarwa za su ga kwanan wata da sakamako a jere, da kuma tsarin HACCP, wato bin layin sarrafa abinci daki-daki ana gano inda cuta za ta iya shiga a toshe. Wannan kwas ne na 'yan kwanaki, ba na shekaru ba, kuma shi ne abin da ake fara tambaya a wajen intabiyu.

Ka duba Kano kawai. Sharaɗa, Bompai, Challawa, ga masu ruwan leda da yogot a kowace unguwa, kuma NAFDAC ba ta yi wa irin waɗannan rajista sai da mai takardar kimiyya da zai kula da sarrafawar. Wasu masu gidajen nan aron takarda suke yi saboda yaranmu ba sa zuwa nema, sun raina wurin. Sannan ga Dawanau. Riɗi, zoɓo, gyaɗa, citta, duk daga nan ake lodinsu zuwa ƙasashen waje, kuma abin da ke sa a dawo da kaya ba ya wuce guba da ƙwayoyin cuta. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda maganin ƙwarin da ake zuba masa a rumbu. Gyaɗar ci kuwa ba ta shiga Turai in gubar afalatoksin, wadda fumfuna ke haifarwa, ta wuce kashi 4 cikin biliyan. Wa ya kamata ya tsaya tsakanin ɗan kasuwar Dawanau da wannan asara in ba kai ba? Alhazawan nan suna da kuɗi, abin da ba su da shi mutum ne nasu, mai jin Hausa, da zai ce wannan buhun a ware shi.

Ba zan ɓoye maka ba, albashin farko a irin wuraren nan ba shi da yawa, wani wurin bai kai alawus ɗinka na yanzu ba. Akwai aikin dare. Akwai mai gidan da zai matsa maka ka sa hannu a kan abin da ba ka auna ba, kuma ranar za ka san ko kai wane ne. Amma shekara biyu a nan ta fi maka shekara biyu a ajin mastas da aljihu babu komai. Ni sai da na yi aiki sannan na koma na yi mastas ɗina a ɓangaren abinci, ina zuwa aji ina karɓar albashi, kuma matsalar da na yi bincike a kanta daga layin kamfaninmu na ɗauko ta.

Ka sayi kwamfutar. Rajistar mastas za ta jira.

Malama daga Samaru:

Ɗana, ni malamar jami'a ce, ɗaliban mastas nake dubawa, don haka ka saurare ni da kyau. Duk shekara ina ganin yara suna shigowa ba don suna da tambayar da suke son amsawa ba, sai don kada a gan su zaune a gida. Kwas ɗin aji suna cinye shi lafiya. In aka zo bincike sai a neme su a rasa. Dalili kuwa kuɗi ne: a fanninku ɗalibi ne ke sayen sinadaransa da farantansa, in aikin ya kai ga gwajin ƙwayar halitta da injin PCR sai ya biya wani ɗakin gwajin, kuma kusan komai da dala ake shigo da shi. Kuɗin rajista shi ne ƙarami a cikin lissafin. Karatun da aka rubuta wata 18 ko shekara biyu sai ya kai huɗu. Tallafin TETFund da kake ji kuma na waɗanda suka riga suka zama malamai ne a manyan makarantun gwamnati, ba ya zuwa ga wanda ke waje.

Mastas wajibi ne ga mai son koyarwa a jami'a ko aikin bincike, wannan ba makawa, kuma 2:1 ɗinka ta isa. In nan zuciyarka take, ka zo, amma ka zo da abin hannunka da kuma abin da kake son bincikawa. Ka gaya wa Hajiya jinkiri ne, ba fasawa ba.

Maganar waje kuwa, ga abin da yaranmu ba sa lura da shi. Tallafin karatu na Chevening na Birtaniya yana neman awa 2,800 na aiki, kimanin shekara biyu ke nan. Tallafin DAAD na Jamus na kwasa-kwasan raya ƙasa shi ma shekara biyu na aiki yake nema bayan digiri. Ka ga shawarar da yayanka na Sharaɗa ya ba ka ba ɓata lokaci ba ce, sharaɗin ne kake cikawa. Na gwamnatin Kano da aka kai ɗalibai Indiya da Yuganda a 2023 masu daraja ta ɗaya aka nema, bai shafe ka ba. Wanda za ka iya gwadawa yanzu shi ne na Turkiyya: bisa al'ada suna buɗe fom daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, mai neman mastas kada ya kai shekara 30, kuma za ka fara da shekara guda ta koyon Turkanci. Fom ɗin kyauta ne. Duk wanda ya ce ka tura masa kuɗi ya samo maka gurbi, ɓarawo ne.

Abu uku ka yi tun kana da sauran alawus. Ka nemi cikakkiyar takardar sakamakonka ta aji-aji daga jami'arku yanzu, don fitarta na ɗaukar lokaci kuma ba a neman komai sai da ita. Ka yi fasfo. Sannan ka kira malamin da ya duba maka aikin kammala digiri ka gaishe shi, ka faɗa masa inda kake. Ba daidai ba ne ɗalibi ya ɓace shekara uku sannan ya turo saƙo da daddare yana son takardar shaida zuwa gobe.

Ina kuma so in tambaye ka: koyarwar da kake yi, kana jin daɗinta? Ba ka ce komai a kanta ba. In kana so, difilomar koyarwa ta PGDE ta cibiyar malamai ta NTI Kaduna ana yin ta ana aiki, sai ka rubuta jarrabawar TRCN, hukumar rajistar malamai, ka zama malami mai rajista. Makarantunmu na karkara suna kukan rashin malaman kimiyya.

Na Kwari Layin Atamfa:

Duk na ji bayanan malamai, Allah ya ƙara ilimi. Amma yaro, kada ka raina tayin yayanka. Mutum nawa ne ke samun wanda zai miƙa masa shago da kaya a ciki? Ni difiloma gare ni, na shigo kasuwa yaron shago, yau ina ciyar da gida biyu. Kuma kasuwar yanzu tana buƙatar irinku, rabin cinikina a WhatsApp nake yin sa, matan Legas da Yamai suna turo kuɗi ana sa musu kaya a mota. Iyayen yarinya in suka ji kana da shago magana ta ƙare. Karatu ba ya guduwa.

Yayanku na Sharaɗa:

Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa, ba wanda ya raina Kwari, ita ta riƙe rabin garin nan. Sai dai irin karatunsa yana guduwa. Hannun da ya yi shekara uku bai taɓa faranti ba sai ya koma koyo, kuma kamfani ba ya ɗaukar wanda takardarsa ta tsufa babu aiki a bayanta. In zai shiga kasuwa ya shiga da saninsa cewa ya zaɓa ne, kada ya ce zai ɗan taɓa ya dawo.

'Yar Maiduguri:

Ƙanena, tunda ranka yana kan lafiyar mutane, akwai wata ƙofar da ba a ambata ba. Ni ma Maikuro na yi, aikina yanzu tattara bayanan cututtuka ne. Lokacin ɓarkewar mashaƙo a 2023, wadda ta fi tsanani a Kano, ba masu gwaji kaɗai aka nema ba. An nemi masu bin unguwa-unguwa da waya suna shigar da bayanai a manhajar ODK ko Kobo, da masu zama su tace bayanan su ce ga mazaɓar da cutar ta fi yawa, ga inda yara ba su yi rigakafi ba. Bayanan asibitocin gwamnati duk a manhajar DHIS2 ake zuba su, kuma waɗanda suka iya ta da kyau ba su da yawa a wajenmu. Wanda ya san ƙwayar cuta kuma ya iya lissafin bayanai ya fi wanda ya iya kwamfuta kawai.

Ka fara da Excel, ka iya shi sosai, ba buɗewa da rufewa ba. Kana da kayan gwaji a gabanka: sakamakon ɗalibanka. Ka shigar da makinsu na zango biyu, ka fitar da wane aji ne ya fi rauni, a wane darasi, maza ko mata, ka kai wa shugaban makarantar. Wannan shi ne aikin farko da za ka nuna. In an buɗe shirin 3MTT na gwamnatin tarayya na koyar da fasahar zamani ka cike, kyauta ne kuma akwai nazarin bayanai a ciki. Coursera ma, shafin kwasa-kwasan intanet, suna da fom na neman sassaucin kuɗi.

Gaskiyar da zan ƙara ita ce aikin ƙungiyoyi ya yi sanyi tun da Amurka ta yanke tallafin USAID a 2025, abokan aikina da dama suna gida. Don haka kada ka jingina da shi shi kaɗai. Mastas ɗin lafiyar al'umma yana da amfani a wannan layin, amma shi ma ya fi kyau bayan ka ga fili da idonka.

Ɗan Kurna:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, Allah ya jiƙan magabata. Na kwana ina juya maganganunku.

Ɗan Lab, na gode da ka fito mini fili. Shekara huɗu babu shigowar kuɗi ba zan iya ba, mahaifinmu ya rasu kuma akwai ƙanne a bayana. Na cire wannan, duk da shi raina ya fi so.

Malama, tambayarki ta tsaya mini. Ina son ajin, musamman 'yan SS2. Makarantar na'urar hangen ƙwayoyi ɗaya gare ta, tana kulle a ofis. Na roƙa aka ba ni, na ɗebo ruwan kududdufin bayan makaranta na ɗiga a gilashi, yaran suka yi layi suna leƙawa. Wata yarinya ta ɗago ta ce, Malam, wannan ruwan muke sha in famfo ya lalace. Tun ranar nake tunanin ruwa, shi ya sa bayanin Yaya na Sharaɗa ya shige ni sosai. Zan riƙe maganar PGDE a gefe, ban yar da ita ba.

Zan sayi kwamfutar a ƙarshen watan nan in fara da makin yarana kamar yadda Anti ta ce. Na riga na tura ƙanena ya tambayo mini yadda ake neman takardar sakamako. Alhaji na Kwari, zan zauna da yayanmu in roƙe shi ya ba ni Asabar da Lahadi a shagon maimakon riƙe shi gaba ɗaya, in ya yarda. Hajiya ce ban san yadda zan tunkara ba tukuna.

Yaya na Sharaɗa, tambaya ta ƙarshe: kamfanonin nan ta intanet ake nema, ko mutum zai ɗauki takardunsa ya je? Kuma kwas ɗin HACCP kafin in nema zan yi ko bayan na samu?

Yayanku na Sharaɗa:

Manyan ne kawai ke sa talla a intanet. Sauran da ƙafa ake zuwa. Ka buga takardar bayaninka shafi ɗaya, ka rubuta gwaje-gwajen da hannunka ya taɓa yi da sunayensu, kada ka cika ta da dogon Turanci. Ka je da safe tsakiyar mako, ka ce wa mai gadi shugaban sashen kula da inganci kake nema, ba ofishin ɗaukar ma'aikata ba. In sun ce babu gurbi, ka ce a bar ka ka yi wata uku kana koyo ko da kuɗin mota ne kawai. Yawancinmu ta nan muka shiga.

HACCP ka fara karanta shi da kanka yanzu, ƙa'idoji bakwai ne, takardun Codex, hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, suna nan kyauta. Kwas mai satifiket ka bari sai ka shiga, wani lokacin kamfanin ne ke biya. Maganar Hajiya kuma kada ka je kai kaɗai, ka samu kawunku ko wani babba da take jin nauyinsa, ku je tare, ka faɗa mata shekarar da kake sa ran komawa makaranta. In ka dawo Kano ka yi mini magana ta akwatin sirri, zan duba maka takardar kafin ka fara yawo da ita.